Ƙararrawa ta kaɗa, ba wanda ya tashi: nazarin kutsen da aka yi wa kamfanin Target a 2013

A ranar Asabar 30 ga Nuwamba 2013, wata na'urar tsaro a kamfanin Target na Amurka, mai manyan shagunan sayayya, ta hango ana dasa baƙuwar manhaja a cikin kwamfutocin kamfanin, ta kuma fitar da gargaɗi a mataki mafi tsanani da take da shi. Ma'aikatan da ke gadin allon a birnin Bangalore na Indiya sun ga gargaɗin, suka sanar da cibiyar tsaro ta hedikwatar kamfanin a Minneapolis da ke jihar Minnesota, kamar yadda tsarin aikinsu ya tanada. A wannan rana ɓarayin sun riga sun fara tara bayanan katunan masu sayayya, amma ba su kai ga fitar da su daga cikin kamfanin ba, domin sai ranar 2 ga Disamba aka fara kwashe su zuwa waje. Wato kwana biyu cur kayan sata na jibge a cikin gida, mai gadi kuma ya riga ya yi ihu. Duk da haka kamfanin bai farga ba sai ranar 12 ga Disamba, lokacin da jami'an Ma'aikatar Shari'a ta Amurka suka tuntuɓe shi suka gaya masa cewa akwai alamun an shiga gidansa.

Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci nazari har yau shi ne, Target ba kamfanin da ya yi sakaci da sayen kayan tsaro ba ne. Yana da shaguna 1,797 a faɗin Amurka a lokacin, yana da cibiyar sa ido mai aiki dare da rana, kuma kimanin wata shida kafin aukuwar abin ya fara girka na'urar gano muguwar manhaja ta kamfanin FireEye, wadda ta ci kusan dala miliyan 1.6. A watan Satumba na wannan shekarar ma an tantance shi, aka ba shi shaidar cewa ya cika ƙa'idojin kare bayanan katin banki da kamfanonin katuna suka gindaya. Duk wanda ya duba takardu a watan Oktoba zai ce gidan nan a kulle yake.

Hanyar da masu kutsen suka bi ta fara ne daga wani ƙaramin kamfani mai suna Fazio Mechanical Services a garin Sharpsburg na jihar Pennsylvania, wanda ke yi wa manyan shaguna aikin na'urorin sanyaya kaya. An aika wa ma'aikatansa saƙon imel na yaudara mai ɗauke da muguwar manhaja, aka sace sunan shiga da kalmar sirrin da kamfanin ke amfani da su wajen hulɗa da Target. Daga baya Fazio ya bayyana cewa alaƙarsa da kwamfutocin Target ba ta wuce aika takardun neman biya, miƙa takardun kwangila da bibiyar ayyuka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce babu katanga mai ƙwari tsakanin ɓangaren da 'yan kwangila ke shiga da ɓangaren da ke riƙe da na'urorin biyan kuɗi. Binciken da wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya yi ya nuna cewa masu kutsen sun shiga tun 12 ga Nuwamba, suka gwada manhajarsu a kan 'yan tsirarun na'urorin POS tsakanin 15 zuwa 28 ga watan, sannan suka baza ta a yawancin shagunan kafin ƙarshen wata.

Manhajar da suka dasa, wadda masana suka danganta da nau'in da ake kira BlackPOS, tana amfani ne da wani ɗan gajeren lokaci. Idan mai sayayya ya goga katinsa, bayanan da ke jikin baƙin zirin katin suna zama a fili na ɗan ƙiftawar ido a cikin ƙwaƙwalwar na'urar kafin a rufe su da lambobin ɓoye, to a wannan ƙiftawar ne manhajar ke kwafe su. Daga nan sai a tara su a wata babbar kwamfuta ta cikin kamfanin da ɓarayin suka mayar rumbunsu, sannan a tura su zuwa wasu kwamfutoci a wajen kamfanin, daga can kuma su wuce Rasha. Sun yi dabara iri biyu da suka shafi batunmu kai tsaye. Sun laƙaba wa wani ɓangaren manhajar sunan BladeLogic, wata halastacciyar manhajar sarrafa kwamfutoci da manyan kamfanoni ke amfani da ita, sannan suna fitar da bayanan ne da rana tsaka, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 6 na yamma, lokacin da zirga-zirgar bayanai ta fi yawa. Dabarun nan biyu an yi su ne domin idon mutum, domin wanda ya leƙa a gurguje ya ga suna da ya saba gani a lokacin da ya saba ganinsa. Kimanin gigabait 11 na bayanai suka fita ta wannan hanya.

Lokacin da suka zaɓa shi ma ba haɗari ba ne. Bikin Godiya na Amurkawa ya faɗo ranar Alhamis 28 ga Nuwamba a wannan shekara, washegari kuma ita ce Juma'ar da suke kira Black Friday, wadda daga ita ake buɗe kakar cinikin Kirsimeti. Wanda ya san yadda kasuwa ke cika a jajibirin Sallah zai fahimci halin da ɗan kasuwa ke ciki a irin wannan mako, inda babban abin tsoronsa shi ne na'urar karɓar kuɗi ta tsaya layi ya taru.

Yanzu sai mu koma kan gargaɗin kansa, domin a nan ne gundarin maganar yake. Na'urar FireEye ba ta dogara da jerin sunayen ƙwayoyin cutar kwamfuta da aka riga aka sani ba. Tana ɗaukar duk wani baƙon fayil ta kunna shi a cikin wani keɓantaccen wuri da ta ƙirƙira mai kama da kwamfuta ta gaske, ta zuba ido ta ga halinsa, idan ya yi abin da bai dace ba sai ta yi kuka. Ta yi kukan a ranar 30 ga Nuwamba, ta sake yi a ranar 2 ga Disamba da masu kutsen suka sabunta manhajar fitar da bayanan. Ita ma manhajar Symantec da kamfanin ke amfani da ita wajen kare kwamfutoci ta nuna alamar shakku a kwanakin bikin a kan babbar kwamfutar da FireEye ta yi kuka a kanta. Mujallar Bloomberg Businessweek, wadda ta fallasa wannan ɓangare na labarin a watan Maris 2014, ta ƙara da cewa a cikin manhajar akwai adireshin kwamfutocin da ake tura bayanan da kalmomin shigarsu, ta yadda da wani ya zauna ya warware fayil ɗin, da ya ga inda kayan za su nufa tun kafin su tashi.

Bayanin da kamfanin ya bayar ta bakin kakakinsa shi ne cewa an ga wani ɗan motsi na masu laifin, an gabatar da shi ga ma'aikatan tsaro, sun duba shi, kuma bisa fahimtarsu suka yanke cewa bai kai a bi shi cikin gaggawa ba. Wannan bayani ya fi muhimmanci fiye da yadda aka ɗauke shi a lokacin. Bai ce ba a gani ba, bai ce na'ura ta lalace ba. Ya ce mutum ya gani, ya auna, ya yanke hukunci, hukuncin kuma ya zama kuskure.

Abu ne mai sauƙi a zauna bayan shekaru a ce ma'aikatan Minneapolis sun yi barci a bakin aiki, amma ni ban ga adalci a tsaya a nan ba. Sunan da na'urar ta ba wa abin da ta gani shi ne “malware.binary”, suna na gama-gari da take ba duk wata muguwar manhaja da ba ta san asalinta ba, kuma masana da dama da suka yi aiki da irin na'urar sun ce babban kamfani kan samu ɗaruruwan gargaɗi a rana, da yawansu kuma ba su da wani tasiri. A shekarar 2013 ɗin dai, masu kutsen da suka shiga Neiman Marcus, wani kamfanin manyan shaguna na Amurka, sun tayar da gargaɗi kusan sau 60,000 cikin wata uku da rabi, kamfanin kuma ya ce wannan adadi bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da na'urorinsa ke rubutawa a kullum ba. Mai gadin da karensa ke haushi kan kowace akuya da ta gifta, wata rana zai ji haushin ɓarawo ya juya ya ci gaba da barcinsa. Laifin a irin wannan hali ya rabu tsakanin mai gadin da wanda bai horar da karen ba, kuma horar da karen, wato daidaita na'ura ta rage ihun banza ta ɗaga murya kan abin da ya shafi dukiyar gidan, aiki ne na ƙwararren mutum wanda ya san gidan.

Kukan kurciya jawabi ne, in ji Hausawa, mai hankali ke ganewa. Na'urar ta faɗi abu ɗaya tak, cewa ga baƙon fayil mai mugun hali a kan wata kwamfuta. Ba ta san cewa kamfanin Visa ya fitar da sanarwa har sau biyu a wannan shekarar, a Afrilu da Agusta, yana jan kunnen 'yan kasuwa kan manhajojin da ke satar bayanai daga ƙwaƙwalwar na'urar POS ba. Ba ta san cewa makon nan na cikin makonnin da kamfanin ya fi karɓar katuna a shekara ba. Ba ta san cewa wata manhajar tsaro daban ta nuna yatsa ga wannan kwamfutar ba, balle ta tambayi dalilin da zai sa na'urorin karɓar kuɗi na shaguna daban-daban su riƙa aika bayanai zuwa wata kwamfuta da ba ta cikin hanyar biyan kuɗi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana hannun kamfanin, amma a warwatse. Ƙwarewar da ake nema daga mai sa ido ita ce ya harhaɗa su wuri ɗaya cikin sa'o'i kaɗan, ya ce wannan gargaɗin ya bambanta da na jiya. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa kimanin wata biyu kafin kutsen, aƙalla wani mai nazarin tsaro a cikin kamfanin ya nemi a sake bincikar tsarin biyan kuɗin sosai, ba a biya masa buƙatar a lokacin ba. Idan haka ne, to akwai wanda ya fara harhaɗa alamun, sai dai muryarsa ba ta kai inda ake yanke hukunci ba.

Akwai wani batu da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa. Na'urar FireEye tana da damar goge muguwar manhaja da kanta da zarar ta gan ta, amma ma'aikatan Target sun kashe wannan damar. Masu suka sun ce da an bar ta a kunne da abin bai faru ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ne. Sai dai kashe ta ba baƙon abu ba ne a wancan lokaci, musamman ga na'urar da ba a daɗe da girkawa ba, domin na'urar da ke goge abu da kanta tana iya goge halastacciyar manhaja ta tsayar da ciniki a shaguna dubu. A ganina matakin yana da hujja, amma yana ɗauke da alkawari. Duk kamfanin da ya ce wa na'ura kada ki taɓa komai sai mutum ya duba, ya ɗauki nauyin tabbatar da cewa akwai mutumin, yana da lokaci, yana da ilimin dubawa, kuma an ba shi ikon cire kwamfuta daga layi ko da ranar babbar kasuwa ce. Target ya karɓe hukunci daga hannun na'ura, amma abin da ya biyo baya ya nuna bai ajiye shi a hannun da zai iya zartar da shi ba.

Wannan ya kai mu ga tsarin shugabanci. Kafin kutsen, kamfanin ba shi da babban jami'i guda wanda tsaron bayanai ne kaɗai aikinsa, an rarraba nauyin ne tsakanin manyan jami'ai da dama. A irin wannan tsari, ƙaramin ma'aikacin da ya ga abin shakka da tsakar dare yana fuskantar lissafi mai wuya. Idan ya tayar da manya ya sa aka tsayar da wata kwamfuta, sannan abin ya zama ba komai, kowa zai san sunansa. Idan ya yi shiru kuma abin ya zama ba komai, kamar yadda yakan zama a mafi yawan lokuta, babu wanda zai tambaye shi. Tsarin da bai gyara wannan lissafi ba yana koya wa ma'aikatansa yin shiru ne ba tare da ya sani ba. Haka kuma raba aiki tsakanin Bangalore da Minneapolis, duk da cewa ɓangaren Indiya ya sauke nauyinsa, yana nufin wanda ya fara ganin abu ba shi ne mai ikon ɗaukar mataki ba, kuma saƙo idan ya bi hannu biyu ko uku yakan isa da sanyi fiye da yadda ya taso.

Kamfanin FireEye da kansa ya ba da misalin kishiyar wannan bayan shekara bakwai. A ƙarshen 2020 na'urorinsa sun nuna cewa an yi rajistar waya ta biyu a asusun wani ma'aikaci domin karɓar lambar tabbatar da shiga, abin da ke faruwa kullum idan mutum ya sayi sabuwar waya. Wani jami'in tsaro bai wuce shi ba, ya kira ma'aikacin ya tambaye shi ko shi ne ya yi, ya ce ba shi ba ne. Daga wannan kiran waya aka bi sawu har aka gano kutsen da aka yi ta manhajar kamfanin SolarWinds, wanda ya shafi ma'aikatun gwamnatin Amurka da dama. Gargaɗin nan bai kai na Target ƙara ba ko kusa.

A ɓangaren Target kuwa, bayan kiran Ma'aikatar Shari'a sai da aka ɗauki kwana uku kafin kamfanin ya tabbatar da kutsen ya cire manhajar daga kusan dukkan na'urorinsa a ranar 15 ga Disamba. Ɗan jarida Brian Krebs, mai bibiyar laifukan intanet, ya fasa ƙwan a ranar 18, washegari kamfanin ya amsa cewa an sace bayanan katuna kusan miliyan 40 da aka yi amfani da su a shagunansa daga 27 ga Nuwamba zuwa 15 ga Disamba. A lokacin katunan sun riga sun shiga kasuwar bayan fage ta intanet, ana sayar da kowane ɗaya daga dala 20 zuwa sama da 100. Ranar 10 ga Janairu 2014 kamfanin ya ƙara da cewa an kwashi sunaye, adireshi, lambobin waya ko imel na mutane har miliyan 70. Ribarsa ta watanni ukun ƙarshe na shekarar kasuwancin ta faɗi da kashi 46 cikin ɗari idan aka kwatanta da ta shekarar da ta gabace ta.

Shugabar sashen fasahar sadarwa, Beth Jacob, ta ajiye aiki a watan Maris 2014. A ranar 26 ga wannan watan kwamitin kasuwanci na Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Sanata Jay Rockefeller, ya fitar da rahotonsa, inda ya bi matakan harin ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin nazarin matakan kutse da kamfanin Lockheed Martin ya ƙirƙiro, ya nuna cewa akwai wurare da dama da za a iya tsinke igiyar, ciki har da gargaɗin da ba a bi ba. A watan Mayu shugaban kamfanin, Gregg Steinhafel, ya sauka bayan shekara 35 yana aiki a cikinsa, kodayake asarar da kamfanin ke tafkawa a Kanada ita ma ta taimaka wajen tafiyarsa. A watan Yuni aka ɗauko Brad Maiorino daga General Motors a matsayin babban jami'in tsaron bayanai na farko a tarihin kamfanin, daga baya kuma aka buɗe sabuwar cibiya da ta tara masu sa ido, masu bincike da masu ɗaukar mataki a wuri ɗaya.

Kuɗin da lamarin ya ci, bisa lissafin kamfanin, ya kai dala miliyan 292, inshora ta ɗauke miliyan 90 daga ciki. A cikin sulhun da aka yi akwai dala miliyan 10 ga masu sayayya, har miliyan 67 ga bankunan da ke fitar da katin Visa, da kimanin miliyan 39 ga wasu bankunan da suka shigar da ƙara. Na ƙarshe ya zo a watan Mayu 2017, inda Target ya amince ya biya dala miliyan 18.5 ga jihohi 47 da gundumar babban birnin ƙasar. Sharuɗɗan wannan sulhu sun wajabta masa raba ɓangaren bayanan katuna daga sauran kwamfutocinsa, da tsaurara hanyar shiga asusu, da kawo masu bincike daga waje su tantance tsaronsa, da kuma riƙe wani babban jami'i mai alhakin shirin tsaron bayanai wanda zai riƙa ba shugaban kamfanin da hukumar daraktoci shawara.